Abin da aka tattauna kan amfani da zane a taron bita

Jama'a, ga abin da na tsinto daga bayananku:

1. Kusan kowa ya yarda cewa zane yana buɗe bakin wanda bai yi boko ba. Dattijuwar da ta yi shiru tun safe, da zarar an ce a zana taswirar unguwa, ita za ta nuna inda rijiya take da lungun da ruwa ke kwanciya da damina.

2. Mai jagorantar taro kada ya fara zanawa, don kowa nasa zai kwaikwaya. Ya miƙa alƙalami, ya koma gefe. Minti 10 ya isa.

3. In babu takarda, a share ƙasa a zana da kara, a sa tsakuwa, toka ko ƙwayar wake a matsayin alama. A ɗauki hoto kafin a watse.

4. An rabu kan zanen mutum da dabba. Wasu suna gudunsa saboda addini, wasu ba su ga laifi ba. A ganina kada a tilasta wa kowa. Gida, bishiya da hanya sun wadatar.

5. Da yawa sun ce a ware rukunin mata, kaɗan suka fi son a haɗa.