Sigari a wajen aiki: me ke hana ma'aikata bari?

Foman Casa, Birnin Kebbi: Jama'a, sallama. A injinan casar shinkafa na nan da Argungu, masu aikin dare da 'yan dako sun fi kowa busa sigari. Kowa ka tambaya sai ya ce gajiya da damuwa take sauke masa. Masana, a warware mana.

Malamar Asibiti, Gusau: Yallaɓai, damuwar da take saukewa ita ta haifar da ita. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, bayan kamar awa 2 kuma rabinsa ya bar jini. Daga nan ƙunci da saurin fushi su taso, sai an sake kunna wata. A aikin awa 12, sau nawa ke nan? Ga hayaƙin da iskar kabon monoksaid, wadda ke kama jini fiye da iskar oksijin da jiki ke bukata sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa ɗan dako mai busawa yake haki tun buhu na goma.

Injiniya, Argungu: Hajiya ta gama magana. Abin da ake mantawa shi ne hutu. Wanda ya ce "bari in sha taba" ana barinsa minti biyar, wanda ya zauna haka kawai a ce masa malalaci. To wa zai bari? A tsara hutu na kowa da kowa. Kuma kada a yi wasa da guntun sigari kusa da tarin ɓuntu: wutar ba ta tashi nan take, ci take ta ƙasa, sai an watse ta bayyana.

Jami'in Tsafta, Anka: A wajen niƙan dutsen zinariya abin ya fi muni. Hannu duk ƙurar dalma, a riƙe kara da shi, a kai baki. Gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 ke nan ake haɗiya. Sannan hayaƙi yana kashe 'yan gasun da ke share ƙura daga maƙoshi, ga takunkumi an sauke don a zuƙa. Ƙurar dutse da taba, ƙofar tarin fuka a buɗe.

Foman Casa: Batun giya fa? Tunda shari'a ta hana, ba a ganinta a fili.

Malamar Asibiti: Ɓoyewa ake, wasu kuma su koma tiramadol. Giya da taba jan juna suke, kuma in sun haɗu haɗarin kansar baki da maƙogwaro ninkuwa yake. Mai son barin taba ya yanke rana ɗaya, ya guji majalisar da ake sha. Kwana na 2 da na 3 su ne masu wuya, cikin mako 2 zuwa 4 jiki ya lafa. Kwaɗayin kansa minti kaɗan yake ya wuce, ruwa ko asuwaki sun isa. A rage kofi da rabi, don bayan barin taba jiki ba ya saurin fitar da shi, barci ya gagara. Wanda giya ta riga ta kama sosai kuwa, kada ya yanke ta dare ɗaya sai da likita, tana iya jawo jijjiga.

Injiniya: Saura mai tebur a bakin get. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma shi har bashi yake bayarwa zuwa ranar biya.