Muhawara: Malamin aji zai iya haɗa abin da gari ya raba?

Tsohon hedimasta: Jama'a, a daina ɗora wa malami abin da ya fi ƙarfinsa. Tun rikicin Kaduna na 2000 kogi ya raba mu, Musulmi suka tattaru su Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka koma su Sabon Tasha. Yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba, ta yaya malami zai koya masa zama da shi?

Malamar firamare: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Ajina duk Musulmi ne, amma wariya na nan. Akwai wata yarinya daga ruga, Hausarta ba ta nuna ba, yara na ce mata 'yar daji har ta daina ɗaga hannu. Ran nan na kira ta gaban allo, na ce yau ke za ki koya mana ƙirga. Muryarta na rawa ta fara: go'o, ɗiɗi, tati, nayi. Aji ya amsa. Yanzu lokacin tara su suke bin ta, wai ta ƙara musu.

Tsohon ɗalibin kwalejin tarayya: Ni ina bayan Baba. A 1966 gwamnati ta buɗe kwalejojin Sakkwato da Warri da Okposi don a cakuɗa yara. Ɗaki ɗaya muka kwana da Yarbawa da Ibo, kwano ɗaya muka ci. Tsari ne ya yi wannan, ba malami ba.

Wani uba daga Jos: Yallaɓai, ni Kirista ne, ɗana a makarantar da ke da kowa da kowa yake. A gaban aji wani malami ya ce masa arne. Wata guda yaron nan kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Tsarin ya haɗa su, bakin malami ya raba.

Malamar firamare: Allah ya ba ku haƙuri, wallahi abin ya taɓa ni. Kuma ai tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta so kowane yaro ya koyi Hausa ko Yarbanci ko Ibo bayan harshensa. Takarda na nan, sai mai riƙe da alli ya ga dama.

Tsohon hedimasta: 'Yata, na riƙe aji mai yara fiye da ɗari, ko sunayensu ban gama sani ba. Ina nan kan bakana. Amma faɗa mini, yarinyar tana zuwa har yanzu?

Malamar firamare: Tana zuwa, Baba, sai dai ranar kasuwa, takan raka innarta tallar nono.