Mudu Ɗaya, Baki Ɗaya: Musayar Waƙa Tsakanin 'Yan'uwa a Sakkwato

Dattijo:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Jigonmu na wannan mako shi ne bangaskiya a wurin sana'a: awo, bashi, da abin da ka biyo bayansu. Baiti ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Wanda zai kawo aya shi faɗi sura da lamba, don mai karatu shi buɗe Littafi shi gani da idonai. Na fara da Matiyu 5:15. Ku lura, abin da Yesu ya ce ba a kife fitila da shi, ma'aunin hatsi ne.

Da sunan Uba muka farawa,
Da Ɗa, mai ceto, mai kyautawa,
Da Ruhu wanda ka ƙarfafawa,
Allah Ɗaya, Sarkin gaskiya.

Ranar Lahadi kowa tsaf ne,
Waƙa da baiko duk daɗi ne,
Litinin a kasuwa can gwaji ne,
Nan aka gane mai bangaskiya.

Fitilar da Yesu ya ce mu kunna,
Ba a kife ta da abin auna,
Mai tauye mudu, tsaya ka tuna,
Mudunka ka kashe ta gaba ɗaya.

To ga tambaya ga masu sani,
Ku ba mu dalla-dalla bayani,
Ta ina ha'inci ka shigo wa wani,
A kwano, a buhu, ko a tiya?

Inna Mai Kwano:
Sannunku da buɗe fage, Baba. Madogarata Maimaitawar Shari'a 25:13-15, inda anka hana aje ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida.

Ha'incin awo ƙofa huɗu ne,
Na fari bugun gindin kwano ne,
A tura shi ciki, wayon banza ne,
Ciki ya ragu, baki bai sauya.

Na biyu a aje kwano tagwaye,
Babba a auna hatsin ɗan ƙauye,
Ƙarami kuwa a ɗauko a ɓoye,
In mai cefane ya zo zai saya.

Na uku hannu wurin cikawa,
In saye ne, dantse na tarewa,
In saidawa, yatsa na sharewa,
Tozon ya koma buhu ta baya.

Na huɗu garwaye, mai ban haushi,
Gero da ƙaiƙayi har da yashi,
Ko yayyafin ruwa don kumburin shi,
Kwana kaɗan ya ruɓe a ajiya.

Kar ka ce tafi guda ƙanƙane ne,
In tafi ashirin cikin kwano ne,
Awo ashirin, kwano guda ne
Ka sata, ka kira shi dukiya.

Gwaji, nemo sabo mara lotsewa,
Cika naka da gero har sharewa,
Juye a sabon, duba cikawa,
In bai kai ba, naka na da ƙarya.

Wanda ya lotse kar a aje shi,
Ranar matsi hannu zai neme shi,
Kai shi gida, kaji su gaje shi,
Su sha ruwa ciki da safiya.

Ɗan Fadama Mai Albasa:
Inna, Allah shi saka. Luka 6:38 ta ce mudun da ka auna wa wani, da shi za a auna maka. Buhu ma mudu ne, sai dai shi bakinai a ɗinke yake.

Inna kin kwance zancen kwano,
Ni buhun albasa zan tono,
Daga Wurno, Gada, har Goronyo,
Cutar guda ce, kwalliyar kaya.

Manya jajaye a bakin buhu,
Can tsakiya inda akwai duhu,
A cusa ruɓaɓɓu, a ɓata wa Ruhu,
Mai saye sai Legas zai ga ƙarya.

Ruɓaɓɓa ɗaya ba ta zamanta,
Zafin mota ke tsananta ta,
Ruwanta ya bi maƙwabtanta,
Kwana uku buhu ya zama miya.

Gyaran tun daga fadama ne,
In ganye ya kwanta, lokaci ne,
Tsai da ban ruwa, mako guda ne
Ko biyu, kan a tuge ta gaba ɗaya.

A shanya ta inda akwai iska,
Ranar bazara tana ƙona fuska,
Rufa da ganyenta kan a kai taska,
Alamar bushewa tana ga wuya.

Wurin yankan ganye kar a ƙure,
A bar yatsu biyu, ƙofar ta ɗaure,
Sannan a zauna kashi uku a ware,
Manya, matsakaita, da 'yan ƙwaya.

A rudu a ɗaga ta daga ƙasa,
Iska ta ratsa ƙasa da bisa,
Duk mako mai taushi a kai ta nesa,
Kowane kashi da kuɗin da za a biya.

Mai saye in ya ce a zazzage,
Kar ka ɓata rai ko ka toge,
Kwance mishi, bakin buhu a wage,
Mai kaya mai kyau ba shi jin kunya.

Ƙanenku Cikin Mawaƙa:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki cikin manya. Matiyu 5:42 ce ta tsaya wa matasa masu shago a wuya.

Iyayena ku yi mini haƙuri,
Na ji na awo, na ji tsari,
Amma bashi ka cinye jari,
Kuma 'yan'uwa ne ka ƙin biya.

Yesu ya ce mai roƙo a ba shi,
Mai neman rance kar a guje shi,
To mai shago ya za a yi da shi,
In ya ba kowa, da mi zai saya?

A zo zumunta a tsaya a gaisa,
Mai cin bashi ya sunkuyar da kansa,
Mai shago na ta cizon yatsa,
Sujada ta koma zaman ƙiyayya.

Uwar Zumunta:
Ɗana, tambayarka ta taɓa inda ke ciwo, kuma gara da ka yi ta a fili. Ka haɗa ayarka da Zabura 37:21 da Karin Magana 22:26-27. Misalin lissafi: mai jarin naira 50,000, bashin da ke waje kada shi wuce 5,000 a lokaci guda.

Ɗana tsaya ka raba su tukuna,
Akwai taimako, aikin ƙauna,
Akwai ciniki, shi sai an auna,
Haɗa su ne ka kawo jayayya.

Gwauruwa ta zo, yara ba ci,
Wannan ba bashi ba, zumunci,
Ba ta daga riba, cikin mutunci,
Kar ka rubuta, kar ka bi baya.

Jari kuwa amanar gida ne,
Abincin ɗiya da kuɗin haya ne,
Kason bashi ɗaya bisa goma ne,
In ya cika, rufe, sai an biya.

Sayi littafi ka ja gida huɗu,
Suna, kuɗi, ranar da aka haɗu,
Da ranar biya, don kar a ruɗu,
Karanta mishi kan shi ɗauki kaya.

Bashi kan bashi kar ka ɗora,
Sai an sauke tsoho a ƙara,
Ko ɗari biyar ce duk mako a tara,
Da kaɗan-kaɗan aka cika ƙwarya.

Tsaya wa wani kuwa, yi hattara,
Karin Magana ta yi ishara,
Har gadon kwana ana tattara,
In wanda ka lamunta ya juya baya.

Kai kuma mai ci, ga naka kashi,
Zabura ta ce mugu ka cin bashi
Ya ƙi biya, kar ka zamo shi,
In ba hali, kai kanka ka gaya.

Kar ka sake hanya don shagonai,
Kar ka kashe waya don kiranai,
Je da rabi ka sa a hannunai,
Yanka rana, riƙe ta da gaskiya.

Dattijo:
Mama, na yarda da littafin, na yarda da rabewar. Gyara ɗaya gare ni, kada yaro shi ɗauki lissafinki a matsayin aya. Luka 6:35 tana nan.

Mama kin gyara, amma a lura,
Ɗaya bisa goma ba ta cikin sura,
Dabarar kasuwa ce aka tsara,
Kar ta zamo sakata kan zuciya.

Ranar da yunwa ta tsaya ƙofa,
Aje littafi, ba su abin da za su dafa,
Luka shida ta riga ta kafa,
Ba da, kar ka sa ran a maido ƙwaya.

Katikis (mai koyar da addini a coci):
Baba, da izininku. Ba a amsa wa yaron baitinsa na uku ba, wanda ya fi damuna: mutum biyu a benci ɗaya, ba su ga maciji. Matiyu 18:15-17 ta ba da matakai, Afisawa 4:26 kuma ta ce kada rana ta faɗi kana cikin fushi.

In rana ta cika an yi shiru,
Kar ka bar zuciya ta gina garu,
Matiyu sha takwas, matakai sun jeru,
Uku ne, kuma a bi su ɗaya-ɗaya.

Na fari je kai kaɗai gidanai,
Ba a kasuwa gaban abokanai,
Ba gaban mata ko ɗiyanai,
Ku biyu a zaure, a sassauta murya.

Lokaci ma sai an zaɓe shi,
Tsakar ranar bazara akwai haushi,
Mai yunwa da gumi kar a tashe shi,
Bari har la'asar sakaliya.

Fara da gaisuwa, tambayi iyali,
Wataƙila ciwo ya cinye hali,
Sannan buɗe littafi a hankali,
Faɗi adadi, ban da tonon jiya.

In ya ƙi, koma da mutum guda,
Ko biyu, waɗanda ka iya shaida,
Ba masu zuga ba, masu kashe faɗa,
Irin waɗanda shi ma ka jin kunya.

In nan ma ba a daidaita ba,
Ba Facebook za ka kai ƙara ba,
Ba zauren WhatsApp na unguwa ba,
Kai ta ga dattawan ikilisiya.

Ɓarnar da aka fi yi, a lura,
Daga mataki na uku aka fara,
A ce "ku taya ni addu'a", a tara
Jama'a, ashe gulma ce da kwalliya.

Wanda aka tona ba shi dawowa,
Kuɗi da mutum duka ka rasawa,
Ribato ɗan'uwa Yesu ka cewa,
Shi ne gaba, kuɗi na daga baya.

In ka tabbata babu a hannu,
Yafe mishi, ka ce mishi sannu,
Soke a littafi gaban idanu,
Wanda ba a soke ba, yana nan ajiya.

Inna Mai Kwano:
Malam, baitin sokewa ya shige ni. Na dawo da abu uku da munka tsallake. Ladan ma'aikaci, Maimaitawar Shari'a 24:14-15 da Yakubu 5:4. Ruwan sha, Matiyu 10:42, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai ɓoye hatsi, Karin Magana 11:26. Yawancin masu sayenmu a Kara da Tsohuwar Kasuwa maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma da yawansu ba za su taɓa jin wa'azinmu ba sai wanda kwanonmu ya yi.

Saura haƙƙin ɗan dako, Baba,
Wanda ka sauke buhu tun asuba,
A yanke lada kan shi taɓa,
Kan faɗuwar rana a kammala biya.

Bazara in ta kai ga tsanani,
Randa da moɗa a bakin rumfa a gani,
Ɗan dako, almajiri, ko wani,
Kowa shi sha ba sai ya tambaya.

Kwanon da ka auna wa ɗan coci,
Shi za ka auna wa Alhaji maƙwabci,
Watan azumi ban da zalunci,
Ɓoye hatsi la'ana ce, in ji aya.

Dattijo:
Madalla. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, saura a buɗe shi. Ga tsari mai sauƙi ga ɗan kasuwa: Karin Magana sura 31 ce, a karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata. Ran 11 ga wata za ku iske ma'auni a aya ta 1, lamuni a aya ta 15, ɓoye hatsi a aya ta 26, duk cikin sura guda. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa shi karanta mishi kafin shi tafi makaranta.

Guzurin wannan duka karatu ne,
Kan buɗe rumfa, minti goma ne,
Sura guda, bisa kwanan wata ne,
Karin Magana talatin ce da ɗaya.

Mai kashe wannan tsari waya ce,
In ita ka fara, lokaci ya wuce,
In kwana biyu sun kuɓuce,
Bar ramuwa, kama ta yau, yi tafiya.

Ƙanenku Cikin Mawaƙa:
Na gode, iyayena. Saura ɗaya da matasa suka aiko ni da ita.

Na ji na bashi, na ji na kwano,
Zancen adashi nake son a tono,
Mai kwasar fari ya ɗauka ya ƙi dawo,
Uwar adashi ce za ta biya?

Dattijo:
Ɗana, "dawo" bai zauna da "kwano" sosai ba, ka sake duba layi na uku. Tambayar kuwa ta karɓu, ita ce jigon mako mai zuwa. Amsa-amo "ra". Mama, ke za ki buɗe, Katikis shi bi bayanki.