Kullen korona a Legas: yaran da suka koma aji da waɗanda ba su koma ba

Malamar aji huɗu, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kakkaɓe durowa na ci karo da rajistar ajina ta 2020. An rufe makarantun Legas ranar 23 ga Maris, aka fara buɗewa kaɗan-kaɗan daga 21 ga Satumba. Mu sai Oktoba, muna komawa kuma zanga-zangar EndSARS ta sake zaunar da mu gida. Da ƙura ta lafa na kira suna, yara bakwai shiru, biyar a cikinsu mata. Biyu an mai da su Arewa, ɗaya na same ta da farantin gyaɗa a bakin titin jirgi. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Tsohon ɗan acaɓa, Idi-Araba

Malama, kin tsokano inda ke mana ƙaiƙayi. Mu tun kafin cutar aka karya mu, don ranar 1 ga Fabrairu aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu wurare. Ba mu farfaɗo ba sai ga Buhari ya sa kulle daga daren 30 ga Maris. Ana cewa yara su bi darasi a rediyo da talabijin. Da wace wuta? Rediyona kuɗin garin kwaki ya zama. Babban ɗana na tura shi wajen mai faci, har yau can yake.

Ma'aikaciyar lafiya, Mushin

Yaya, Allah ya musanya da alheri. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali ba koronar ba ce, ranar rigakafi ce. Bencin da iyaye mata ke cikawa da goyo ya zama wayam. Tsoronsu kada jariri ya yi tari a ce an wuce da uwar asibitin masu cututtuka na Yaba. To ƙyanda ba ta san kulle ba. Wasu kuma cewa suke ciwon masu hawa jirgin sama ne, tunda wanda aka fara samu ranar 27 ga Fabrairu ɗan Italiya ne. Nakan tuna musu Ebola ta 2014, yadda Dakta Adadevoh ta tsare mai cutar har ta rasa ranta, da yadda jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta galabaitar da mutane.

Takardun da muka manna ba su yi komai ba, yawanci Turanci ne da Yarabanci. Sai da muka je wajen liman. Masallaci a rufe, amma lasifika na aiki, yana gama kiran salla ya ce da Hausa a kai yara allura ranar kaza. A makon nan benci ya fara cika. Wankin hannu kuwa, a gidan hayar da ake sayen jarka wajen mai ruwa, ki ce da uwa ta wanke hannun yara shida sau biyar a rana? Kallon ki kawai za ta yi. Dole muka yi karo-karo muka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin zaure, kowane ɗaki da ranar cika shi.

Malamin allo, Alaba Rago

Almajiraina goma sha ɗaya ne a lokacin. Muna jin gwamnonin Arewa na mai da almajirai jihohinsu, nan kuma an hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Na ce ba zan cusa ɗan mutum cikin motar shanu a ɓoye ba. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, babu bara, babu sadakar masallaci. 'Yan kasuwa suka raba su, kowane gida ya ɗauki kwanon yaro ɗaya, sahur da buɗa-baki. Tallafin gwamnati dai ban gan shi ba, sai a Oktoba da aka fasa rumbun ajiyar kayan tallafin a unguwar Maza Maza muka ga buhunan a waya.

Uwar 'ya'ya mata, Agege

Ku yi haƙuri, zan faɗi wanda ake jin kunyar faɗa. Ina fita neman abin sawa a tukunya, 'yata mai shekara 12 tana gida, ga maza zaune babu aiki. Wani maƙwabci ya fara aiken ta sayen katin waya, ya bar mata canji. Da makaranta na nan, malamarta ce za ta fara lura. Allah ya sa ƙanwarta ta yi suɓutar baki kafin a kai ga ɓarna. Daga ranar muka haɗa kai mu huɗu, kullum mace ɗaya ta zauna da yaran gidan duka, sauran su fita, da yamma a cire mata nata.

Ma'aikaciyar lafiya, Mushin

Hajiya, kin yi dabara. Wadda abin ya riga ya faru da 'yarta kuwa, kada a tsaya sasantawa a zaure. Akwai cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, kyauta suke dubawa. A kai yarinya da wuri, don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Malamar aji huɗu, Agege

Na gode muku. Mai gyaɗar nan ta dawo, bayan na yi sawu uku wajen kakarta muka shirya a kan ta riƙa talla bayan la'asar. Yaya na Idi-Araba, shekara nawa ɗan naka yanzu, kuma a aji nawa ya tsaya?