Ɗan Masanin Kano: daga kujerar minista zuwa ta kwamishina

Ɗan Unguwar Yola:
Salamu alaikum. Ga baitoci kan Alhaji Yusuf Maitama Sule. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Bismillahi na ɗauki alƙalamina,
Ɗan Masani nake so mu yi tunawa.

A Yola cikin birnin Kano aka haife shi,
A 1929, Oktoba na kamawa.

Ya yi Shahuci, ya zarce Midil,
Kwalejin Kaduna ya je ƙarasawa.

Ya dawo gida ya riƙe alli,
Kafin siyasa ta zo kirawa.

A 1954 aka kaɗa ƙuri'a,
A majalisar Ikko ya zam muryar Kanawa.

A 1959 aka ba shi minista,
Ma'adinai da lantarki yake kulawa.

'Yar Fagge:
Yaya, ka faɗi wanda ya ci zaɓe,
Wanda ya faɗi fa, ba ka ambatawa?

Malam Aminu ne ya kayar a zaɓen,
Jagoran NEPU, gatan talakawa.

'Yan sawaba sun sha ɗauri da bulala,
Sa'ad da NPC ke mulkin Arewa.

Ina ganin girmansa har zuciyata,
Amma shafin nan ba na tsallakewa.

Tsohon Malami:
'Yata, kin faɗi gaskiya ɗaya ce,
Mun ga zamanin, ba ma musantawa.

Ni dai abin da ya kama raina,
Shi ne bayan Janhuriya ta yi rushewa.

Soja sun karɓi mulki a 1966,
Kujerar Ikko ta yi kuɓucewa.

A 1967 Gowon ya yanka jihohi,
Sha biyu cif, Kano ta samu tsayawa.

Audu Bako ya ce ya zo kwamishina,
Ya amsa kira ba tare da ɗagawa.

Mutumin da fetur ke ƙarƙashinsa,
Ga shi kan ƙananan hukumomi yana dubawa.

Ya riƙe gandun daji, ya yaɗa labarai,
Bai ce kujerar ta yi masa ƙanƙancewa.

Ki duba majalisar Bako da kyau,
Tanko Yakasai na ciki yana zaunawa.

Ɗan NEPU da ɗan NPC, tebur guda,
Aikin Kano ne ya yi haɗawa.

'Yar Fagge:
Baba, na ji, na kuma karɓa,
Wannan zaman ya isa a yi yabawa.

Bari in ƙara da nawa sani:
A 1976 koken jama'a yake saurarawa.

Ya nemi tutar NPN, Shagari ya samu,
Bai yi fushi ba, bai yi ficewa.

A Majalisar Ɗinkin Duniya ya ja kwamiti,
Wariyar launin fata suke yaƙawa.

Ɗan Unguwar Yola:
Ƙanwata, Baba, Allah ya saka muku,
Ga ɗan abin da ya rage na cikawa.

Da tsufa ya zo idanu suka tafi,
Harshen nan dai bai yi dusashewa.

In ya tashi magana a taro,
Zauren kan yi tsit don saurarawa.

Ran 3 ga Yuli, 2017,
A Alƙahira ya yi rasuwa.

Aka kawo shi Kano aka sallace shi,
Allah ya sa Aljanna ce makwantawa.