Wane suna za mu ba fim ɗin da aka ɗauki wani a matsayin wani?

Masu fassarar fim da marubutan Gusau da Birnin Kebbi, ku matso. Irin fim ɗin da Turawa ke kira romkom, "barkwancin soyayya" ya ishe shi, ba gardama. Inda gizo ke saƙa shi ne reshensa da kowa ya fi so: budurwa ta ɗauki direba a matsayin maigida, ko tagwaye su rikita dangi, har a kusa ɗaura aure da wanda ba shi ba.

Abin ya daɗe. Shakespeare ya rubuta The Comedy of Errors wajen 1594, da tagwaye kashi biyu, iyayen gida da barorinsu. Indiyawa sun mai da shi Angoor a 1982. Kafin nan, a Seeta Aur Geeta na 1972, Hema Malini ce ta fito a matsayin tagwayen duka biyu.

Wani malami daga Argungu ya kawo "sojan gona". Allah gafarta malam, ban yarda ba. Sojan gona da gangan yake yi don ya ci da gumin wani, ƙarshensa hannun 'yan sanda. Mutumin fim ɗinmu sau da yawa bai ma san an ɗauke shi wani ba, sai dai ya ga ana kawo masa tuwo da fara'a.

Wata baiwar Allah daga Talata Mafara ta ce "camamar soyayya". Camama tana da gidanta, marigayi Ibro ya riga ya shafa mata kamanninsa. Da ka faɗi kalmar, ƙauye da bulala mutum zai hango, ba soyayya ba.

"Ɓad-da-kama" ta yi, amma sai inda yarinya ta sa kayan maza da niyya.

Ni dai karin maganarmu na ɗauko: kama da wane ba ta wane. A ce "fim ɗin kama-da-wane". Bahaushe na jin rabin farko zai ƙarasa sauran da kansa, kuma labarin ke nan gaba ɗaya. Ku gwada a baki: "Yau kama-da-wane za a haska a gidan kallo."

Saura wanda babu kama ko kaɗan, sai magana da aka ji rabinta daga bayan labule. Wani dattijo a Ƙaura Namoda ya ce wanga "jin-rabi" ne. Mutanen Yawuri, ku kuma mi kuka ce?