Allurar Daren Hawa: Kariya Ce Ko Rufa-Rufa?

Ɗan Sukuwa, Jega: Assalamu alaikum. Tunda sallah ta ƙarato, bari in jefo maganar da kullum ake tayarwa a bakin barga ba a ƙarasawa. Ra'ayina shi ne, duk dokin da zai fita hawa ko sukuwa a yi masa allurar bute, wato fenilbutazon, maganin kashe zafi da kumburi, tun daren, ko lafiyarsa lau ko yana ɗan ɗingishi. Dabbar nan za ta yini da sirdi da jalala da ƙaton mutum a bayanta, ga zamiya a kan busasshiyar ƙasa. Kumburi dai sai ya zo, to me ya sa za a jira shi? Rigakafi ya fi magani. Mil 10 a wuya, an wuce wurin. Mai ja ya fito.

Likita, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam. Ina da ja, ƙanena, a wuri uku.

Na farko, fenilbutazon ba rigakafi ba ne. Abin da yake yi shi ne ya hana jiki fitar da wasu sinadarai da ke kawo zafi da kumburi a inda aka ji rauni. Bai ɗinke agarar da ta fara tsinkewa, bai haɗa ƙashin da ya tsage. Dokin da ke ɗingishi yana sassauta wa ƙafar nauyi ne don kada ɓarnar ta ƙaru. Ka kashe masa zafin, ka sa shi sukuwa, zai ɗora dukan nauyinsa a kan abin da ya riga ya yi rauni. Ƙaramar tsaga a ƙashin ƙwauri ta nan take zama karaya, doki mai karaya irin wannan kuwa a wurinmu nan da wuya ya tashi.

Na biyu, waɗannan sinadaran da maganin ke toshewa su ne kuma ke kare fatar tumbi da hanji, su ne ke riƙe jini yana gudana zuwa ƙoda idan jiki ya yi ƙarancin ruwa. Shekarun nan sallah cikin bazara take faɗowa, zafi ya haura digiri 40. Dokin da ke aiki mai ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya. Bute a jikin dokin da ya bushe haka, ƙoda ake kashewa.

Na uku, mil 10 ɗin nan daga ina ka samo shi? Ana ba da miligiram 2.2 zuwa 4.4 ga kowane kilo. Dawakinmu ba irin manyan dawakin Turai ba ne. Ka ɗauki tef ɗin tela, ka auna zagayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, ka auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Zagaye sau zagaye sau tsawo, a raba da 11,880. Misali santimita 160 da 150, ya ba ka kilo 320 da 'yan kai. Kwalbar da ke da miligiram 200 a kowane mil, iyakar wannan doki mil 7 ne, a rana ta farko ko ta biyu kaɗai, sannan a sauko zuwa mil 3 da rabi. Kai kuwa kana zuba masa 10.

Kawu Mai Barga, Argungu: Likita, Allah shi biya ka, amma kada mu yi wa magani kuɗin goro. Akwai tsohon ingarma wanda gaɓoɓinai sunka ƙage don shekaru. Da safe in anka kwance shi daga turke shina takawa a sandare, in ya zagaya kaɗan sai ya warware. An san ciwonai, ba sabon abu ba ne. Wanga doki, in tafiyar rangwaɗa kawai za shi yi bayan sarki, ba sukuwa ba zamiya, mi ad laifin a sauƙaƙa mishi?

Likita, Birnin Kebbi: Kawu, a nan ban ja da kai ba. Dokin da aka duba aka tabbatar ciwon gaɓoɓi ne na tsufa, a ba shi ƙaramin awo, miligiram 2.2 ga kilo, ta baki, ya sha ruwa ya ƙoshi, ya yi tafiya a hankali. Wannan jinƙai ne. Bambancin shi ne an san abin da ake rufewa. Ɗingishin da ya ɓullo shekaranjiya ba wanda ya san tushensa, shi ne abin tsoro. Garin bute kuwa a kwaɓa shi da ɗan zuma ko ruwan sukari a shafa a bayan harshe. In doki ya cika ciki da busasshiyar ciyawa ko harawa, maganin yana manne musu, sai aikinsa ya yi jinkiri na awanni. Mutum ya ga shiru ya ƙara wani, duka biyun su taru su buge shi.

Kawu Mai Barga, Argungu: To madalla. Kai kuma ɗana na Jega, ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya yi wata biyu ɗaure shina cin dawa da dusa, ranar sallah a ce ya yi sukuwa, ba allurar da ka tsare ƙafarshi. Kilisa safe da yamma tun da sauran makonni, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ita ce rigakafin.

Ɗan Sukuwa, Jega: Kawu na ji. Amma Likita, ai Turawan da suka yi maganin suna tsere da shi.

Likita, Birnin Kebbi: Ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ba ta yarda doki ya shiga gasa da bute a jininsa ba. Ana ɗibar jini da fitsari a gwada, kuma lissafin da suke bayarwa shi ne ana iya gano shi har kwana bakwai bayan an daina. Suna jinya da shi, ba sa gasa da shi.

Mai Kantin Magani, Birnin Kebbi: Bari in shigo ta ɓangaren abin da ake saye. Yawancin masu zuwa ba bute zalla suke nema ba, wanda aka haɗa da deksa, wato deksametazon, maganin kumburi mai ƙarfi, suke so, don shi ne doki ke miƙewa nan take. Wasu kuma su haɗa da fuluniksin, wani maganin kashe zafi, su ce ɗaya na ƙafa ɗaya na ciki. Sannan kashi mafi yawa a tsoka suke sokawa, don ba kowa ya iya neman jijiya ba. Likita, tsakani da Allah, in an soka a tsoka mai kauri ta cinya, ba ya wucewa?

Likita, Birnin Kebbi: Ba ya wucewa, Alhaji. Bute zalla na allura jijiya kaɗai yake shiga. Yana cin nama. A tsoka zai kumbura ya yi ƙurji, wani lokaci fatar wurin ta ruɓe ta zube. Ko a jijiyar ma, in ɗan kaɗan ya tsiyaya gefe, jijiyar wuyan tana iya kumbura ta toshe ta zama igiya mai tauri. Fuluniksin a tsoka ya fi haɗari ta wata fuska: yana buɗe wa ƙwayoyin cutar da ba sa son iska hanya, wurin ya cika da iska, in ka taɓa ka ji yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fata, doki na iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku.

Wanda zai yi ta jijiya, ga yadda ake yi. A sashen sama na wuya, kusa da kai, ba can ƙasa wajen ƙirji ba. Ka danne kwarin wuyan da babban yatsa har jijiyar ta taso. Ka soka allurar ita kaɗai, ba tare da sirinji ba. Jini mai duhu yana ɗiga a hankali, ka samu. Jini ja wur yana tsartuwa, ka shiga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce, cire maza, domin maganin da ya bi ta nan zai kayar da dokin yana shure-shure kafin ka gama turawa. Ka haɗa sirinji, ka ɗan ja baya ka ga jini, ka tura sannu, ka sake ja a tsakiya don ka tabbata ba ka fita ba. Wanda bai saba ba ya bar allura ya nemi na baki.

Haɗa bute da fuluniksin kuwa, ƙofa ɗaya suke toshewa, illa ce ake ninkawa. Deksa a kansu ya ƙara wa gyambon ciki ƙarfi, ya kuma danne garkuwar jiki.

Malama Likita, Yauri: Abokin aiki, ka bar wata illa da ta fi zuwa a ɓoye: kumburin babban hanji na gefen dama. Doki ya yi mako ɗaya ko biyu a kan bute, sai ya rage ci, kashinsa ya yi laushi ko ya fara zawo, ya riƙa ɗan murɗa ciki, sai ga kumburi mai taushi ƙarƙashin ciki da ƙafafu, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Furotin ɗin jini ne ke yoyo ta hanjin. Mai doki ya ga ciwon ciki sai ya ƙara fuluniksin, ya ƙarasa shi. Abin yi shi ne a tsayar da duk maganin wannan dangi nan take a kira likita. A duba leɓe da dasashi ma, gyambo a baki alama ce.

Masu cewa sun sa omefirazol na kemis, maganin gyambon ciki, sun tsira, su yi lissafi. Awon jinya miligiram 4 ne ga kilo, wato kusan 1,300 ga dokin da aka auna ɗazu. Ƙwayar mutane mai miligiram 20 sai guda 64 a rana. Ko an samu na dawaki, tumbi yake karewa, babu ruwansa da babban hanji ko ƙoda.

Ni in jinya za ta wuce kwana biyar, meloksikam, wani maganin kashe zafin, na fi so, miligiram 0.6 ga kilo sau ɗaya a rana ta baki, har kwana 14. Ya fi sauƙi ga ciki.

Likita, Birnin Kebbi: Malama, ya fi sauƙi ga ciki, amma kada a ji wannan a ɗauka ruwan sha ne. Ga ƙoda cikin bazara duk kanwar ja ce. Kuma a ciwon kofato mai tsanani, a ganina bute ya fi shi riƙe zafi.

Malama Likita, Yauri: A kofato na bar maka. A gaɓoɓi ban bari ba. Wani abu kuma, Alhaji mai kanti: allurar kashe zafi ta daiklofenak da ake yi wa dabbobi ita ce ta kusa ƙarar da ungulu a Indiya, suna cin mushen dabbar ƙodarsu ta lalace, har aka haramta ta ga dabbobi a can a 2006. Meloksikam bai yi musu haka. Bute kuma ba a ba dabbar da za a yanka a ci, domin yana iya lalata ɓargon mutum. Wanda zai sayar da tsohon doki ga fatake ya san da wannan.

Mai Yankan Kofato, Kamba: Ranku ya daɗe likitoci, kuna ta kwalba, ni ƙasa nake kallo. Dokin da ya kwana lafiya ya tashi ba ya iya taka ƙafa ɗaya ko kaɗan, kafin a ce karaya a duba kofato. Sau tari ƙurji ne a ciki, ƙusa ko tsakuwa ta huda, mugunya ta taru ba ta da hanyar fita. Ka taɓa kofaton ka ji ya fi ɗan'uwansa zafi, ka ɗora yatsa bayan gaɓar da ke samansa ka ji jijiya na bugawa da ƙarfi. A wanke tafin, a bi shi da awartaki ana matsawa wuri-wuri, inda ya zabura nan ne. A fere da wuƙa har baƙin ruwa mai wari ya fito, a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri minti 20 sau biyu a rana, a zuba aidin, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a yi masa allurar tetanus. Washegari za ka ga ya taka. In bute aka yi ta ɗura masa, mugunyar hawa za ta yi ta fashe a bakin gashi.

Na biyun shi ne wanda ya kwance ya afka wa buhun gero ko dawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina baya, ba ya son juyawa. Naman da ke riƙe ƙashi da kofato ne ya kumbura.

Likita, Birnin Kebbi: Wannan shi ne inda bute yake da gurbi na gaskiya, kuma inda nake tsoron kwalbar mai deksa, domin irin su deksa ana zarginsu da tayar da wannan ciwo a dokin da ya yi ƙiba. A yanke hatsi gaba ɗaya, ciyawa kawai. A tsayar da shi kan yashi mai laushi mai zurfi. A tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara har ƙasan gwiwa, tun ranar da ya ci hatsin in da hali, ba sai ɗingishi ya bayyana ba, ana ƙara ƙanƙara kwana biyu zuwa uku. Kada a ja shi yawo don an ga magani ya sa ya miƙe.

Ɗan Sukuwa, Jega: To bayan an sauko daga sukuwa agara ta kumbura a bayan ƙwauri fa? Nan ma kar a yi?

Malama Likita, Yauri: Nan a yi, bayan ya huce ya sha ruwa. Ka ja fatar wuyansa ka saki, in ba ta koma nan take ba, ruwa tukuna. Ruwan sanyi a kan agarar minti 20, sau uku a rana, kwana uku na farko. Auduga mai kauri sannan bandeji, ba bandeji a kan fata tsirara ba, a ɗaure ɗaya ƙafar ma don ita ke ɗauke da nauyin. Bute kwana uku zuwa biyar. Kumburin zai sauka cikin makonni, ɗingishi ya ɓace, amma agarar da ta yage tana son wata shida zuwa shekara kafin sukuwa, ana farawa da jan shi a hannu minti 10. Kada kowa ya soka deksa cikin agarar kanta. Allurar cikin gaɓa ma aikin likita ne da aski da wanki sosai, don ƙwayar cuta ɗaya in ta shiga gaɓa ta gama da dokin.

Kawu Mai Barga, Argungu: Iyayenmu lalas suka yi ma irin wagga ƙafa, kuma dawaki sunka koma hawa.

Malama Likita, Yauri: Kawu, dokin da aka yi wa lalas dole a ɗaure shi watanni har ƙunar ta warke. Hutun nan ne ya yi aikin, ba wutar ba.

Kawu Mai Barga, Argungu: Ɗiyata, wanga kam sai mun zauna.

Ɗan Sukuwa, Jega: Ni dai mil 10 na janye, na tsoka ma na janye. Amma in ɗingishin ɗan kaɗan ne, wanda sai mai ido zai gani, har yanzu ban ga dalilin hana shi fita ba.

Likita, Birnin Kebbi: To kafin ka taɓa kwalba, sa yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, ragama a sake. In kansa yana ɗagawa duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar ce. Naɗe gaɓar ka riƙe minti ɗaya, a sake jan sa. In ɗingishin ya ƙaru, ko akwai zafi ko kumburi a wurin, ka nemi aron doki.